Dawar da Na Shuka a Ƙarƙashin Bencin 'Yan Kallo

Ni ban san shekara da lamba ba, amma lissafina bai taɓa ɓata ba. Abin da zan faɗa ya faru ne damina biyu bayan ciwon shanun nan da ya kwantar da garken Fulani a bakin mayo, wato kogi, damina ɗaya kuma bayan soja sun canja launin kuɗi mun sha layi a rana. Lokacin jihar Gongola ake ce da mu, ba a yanka mu biyu ba tukuna. Ita ce shekarar da azumi ya faɗo daidai da ruwan shuka. Duk wanda ya riƙe fartanya a Mugulbu a lokacin zai tuna.

Maigidana ya rasu da kaka, ya bar ni da yara huɗu da rumbun da bai kai rabi ba, don ruwa ya ɗauke da wuri a daminar da ta wuce. Ya kuma bar mini gona, shimfiɗaɗɗiya a bakin hanyar shiga gari, babu dutse babu kwari, wadda ya shekara da shekaru yana kai mata taki a kan jaki. Amma gonar ba gado ba ce. Aro ce daga gidan jauro, wato mai garinmu, kuma ƙa'idar aro a wurinmu kowa ya san ta: muddin shukarka na tsaye, ba mai taɓa ka, kai da 'ya'yanka. Ranar da gona ta kwana damina babu shuka, ta koma hannun jauro ya ba wani.

Ina cikin takaba, ba na fita ko ƙofar gida, sai na fara jin rugugi daga wajen gonar. Na tambayi babbar 'yata. Ta ce katafila ce.

"Katafila a gonar wa?"

"A tamu, Inna. Wai filin ƙwallo za a yi."

Da yamma ƙanen mijina ya zo. Ni da shi Baffa nake ce masa kamar yadda yara ke kiransa, shi kuma yana ce mini Adda. Ya tsuguna daga bakin ƙofar ɗaki ya yi mini bayani a natse. Wai za a yi gasar ƙwallo ta garuruwa, kuma a bana mu ne masu masauki. Filin cikin gari ɗan kwangila ya haƙe shi zai gyara, ya tafi bai dawo ba. Kwamiti suka zaga ba su ga wuri mai kyau kamar gonarmu ba. Suka je wa jauro, jauro ya ce a tambayi gidan mamaci, shi kuma Baffa ya amsa da sunana.

"Adda, na rani ne kawai. Kafin hadari ya haɗu sun kwashe komatsansu."

"Ka tambaye ni?"

"Ai kina takaba. Ban so in ɗaga miki hankali ba."

Na ce masa to ya kyauta, ga shi hankalin nawa a kwance kamar an shimfiɗa shi.

Ranar da na fita takaba, kafin in je gaida kowa, gonar na fara zuwa. Ban gane ta ba. An kewaye ta da zana mai tsayi ya fi mutum, an bar ƙofa biyu, ɗaya ta masu tikiti ɗaya ta manya. Na sa ido ta wata kafa. Kunyoyin da maigidana ya yi da hannunsa babu ko ɗaya. Katafila ta kankare baƙar ƙasar sama duka ta tura ta gefe biyu, gabas da yamma, ta yi tudu mai tsawo kamar kabarin ƙato. Tsakiya kuma jar ƙasa ce tsirara, an yi ta zuba mata ruwa ana bin ta da motar daɓe titi har ta yi santsi kamar tsakar ɗakin amarya. An ja layi da toka. A kan tudun nan biyu aka jera duro-duro, aka ɗora katako hawa-hawa, na gaba ƙasa-ƙasa, na baya ya fi kaina. A tsakiyar na yamma an kafa rumfa ta manyan baƙi.

Ina cikin leƙe sai na ji an ce, "Mama, leƙe ma da tikiti ake yi."

Wani siririn mutum ne da igiya a kafaɗa, kafinta, ɗan duwatsun Michika. Shi ya tsara wurin, shi kuma aka bar wa gadinsa. Na ce masa ni ba na biyan tikitin gonata. Ya sauke igiyar, ya gaishe ni da kyau, ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce in shigo in gani.

Mutumin nan yana son aikinsa, har ya manta da wa yake magana. Ya riƙa ja na yana nuna mini. Ya ce in duba ko zan ga ƙusa ɗaya. Babu. Komai na wurin aro ne. Katako daga coci da makarantu da masu gini aka karɓo, kowa ya shafa wa nasa fenti a baki don kada ya ɓata, kuma kowa ya ce kada a huda masa. Duro na wani Alhaji ne ɗan Borno mai sayar da kananzir, an cika su da yashi don su zauna. Zana kowace unguwa ta kawo nata. Saboda haka da igiyar rama ya ɗaure komai, ɗaurin da za a ja baki ɗaya ya warware.

"Yini guda, Mama. Ranar da aka ba da kofi, washegari ba za ki ga ko tsinke ba. Kowa zai karɓi abinsa yadda ya bayar."

Na buga ƙafata a kan jar ƙasar nan, ta amsa kamar dutse. Na ce, "Ni ma haka zan karɓi nawa?"

Ya sunkuya yana gyara wani ɗauri da ba abin da ya same shi.

Aka yi ta wasa duk bazara. Daga tsakar gidana ina jin ihunsu, in an ci ƙwallo har kaji na firgita. Matan unguwa suka samu kasuwa, masu ƙosai, masu gyaɗa, masu kunun zaƙi. Aka ce ni ma in kai wani abu. Ban kai ba. Ba zan tsaya a ƙofar gonata ina roƙon waɗanda ke tattaka ta su sayi gyaɗa ba. Ni dai kullum sama nake duba, ina tambayar 'yata saura wasa nawa.

Har ya rage wasan ƙarshe, 'yan garinmu da na wani gari daga bakin Binuwai. Aka sa rana. Ranar ta zo aka ce babban baƙon da zai miƙa kofi daga Yola bai samu zuwa ba, a ƙara mako. Cikin makon nan ruwan farko ya sauka. Na tsaya a tsakar gida ƙamshin ƙasa na shiga mini hanci. Aka sake sa rana, aka sake ɗagawa. Sai ga watan azumi ya kama, kwamiti suka ce rabin 'yan wasa suna azumi, 'yan kallo ma haka, sai bayan salla.

Bayan salla. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san mai shuka dawa bayan wannan sallar kara kawai zai girba.

Na yafa gyale na tafi gidan jauro. Na durƙusa daga nesa na yi masa gaisuwar sarauta da Fulatanci na ce, "Allah sabbinane." Ya amsa, ya tambayi yara. Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Dattijo ne mai magana a hankali, ba mugu ba ne, amma ba ya son abin da zai haɗa shi da mutanen gwamnati.

"'Yata, ni ban isa in kwance zanan nan ba."

"To a yafe mini bana. Ba ni na ƙi shuka ba."

Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce in ya yafe mini, gobe mutum goma za su zo da nasu uzurin, kuma tuni akwai masu cewa mace mai ƙananan yara ba za ta iya riƙe gona irin wannan ba. Na ce su wa? Ya ce mutane. A ƙarshe ya ce, "Ni abin da ubana ya bar mini shi na sani. Da kaka zan zo da ƙafata. Inda na ga shukarki a tsaye, naki ne, ba mai karɓa."

Na fito. A hanya na wuce gonakin maƙwabta, ana ta sara da sungumi, yara na bin su suna jefa iri suna rufewa da diddige. Wata ta ɗago ta ce mini sannu, na amsa ban tsaya ba.

Daga nan ofishin kwamiti na nufa. Wani saurayi mai taye ya ce sakatare ya fita. Na zauna a baranda har la'asar da azumi a bakina. Da sakataren ya dawo ya saurare ni a tsaye, ya ce zai sa maganata a zama na gaba. Na tambaye shi ko ruwan sama ma zai halarci zaman. Ya yi dariya, ya ce Mama kina da ban dariya, ya shiga mota.

Washegari da hantsi na ɗauki ƙwaryar iri da fartanya na tafi filin. Ban san me zan yi ba, na dai san ba zan ƙara kwana da iri a ɗaki ba. Jigari na ɗiba, jar dawar nan mai saurin nuna. Kafintan yana zaune a inuwar rumfa yana cin rogo. Da ya gan ni ya ɓoye rogon a bayansa saboda azumina.

"Ci abinka," na ce. "Buɗe mini."

"Mama, in kika sari tsakiyar filin nan, ni za a ɗaure, kuma ba da igiyar rama ba."

"Tsakiyar ko na sara ba za ta saru ba. Buɗe."

Bai buɗe ƙofa ba, don makullin na wurin kwamiti. Ya zaga baya ya ja bakin wata igiya, zana ɗaya ya kwanta, na shiga ya mayar. Na tsaya ina dube-dube. Ruwan da aka yi ya bi ta kan jar ƙasar ya wuce bai shiga ba. Amma a ƙarƙashin benci, kan tudun nan, ciyawa ta fito kore shar. Na durƙusa na cusa hannu. Ƙasar maigidana ce, baƙa, mai laushi, da ƙamshin takinta, ga ɓawon gyaɗa da tukar rake da 'yan kallo suka yi ta zubarwa sun ruɓe a kai. Duk bazarar nan ƙafafun mutane a kan katako suke, ba wanda ya taka ta. Ashe gonata tana nan, an dai tattare ta gefe an rufe ta da benci.

Na ce, "A nan zan shuka."

Ya leƙo ya ce, "A inuwa? Mama, dawa ba kaza ba ce da za ta yi kwanci a ƙarƙashin gado."

"To ɗage mini gadon."

Ya sosa kai. Can ya ce dama masu katako sun dame shi, wai ruwa na lalata musu kaya. In ya kwance ya jera su a ƙarƙashin rumfa har ranar wasa, ba wanda zai ce ya yi laifi, adana kayan mutane ya yi. Amma ba zai iya a yini ɗaya shi kaɗai ba, kuma duro ba za su motsa ba.

Ban jira ya gama kwancewa ba. Sungumi ba ya ɗaguwa a ƙarƙashin katako, don haka da rarrafe na yi shukar, ina tona rami da 'yar fartanya, babbar 'yata na biye da ni da iri. Tsakanin duro da duro muka bi. Rana ta take, maƙogwarona ya bushe har ba na iya kiran sunanta, sai dai in miƙa hannu baya ta zuba mini. Gwiwoyina suka sale. Mun yi kwanaki a haka, gabas sannan yamma. A gida kuwa rumbu ya kai ga ƙasa, kunu muke sha da buɗa baki, kunu da sahur, ƙaramin yarona yana lashe ludayi yana kallona.

Allah ya ba da ruwa, dawa ta tsiro. Na yi mata noman farko. Baffa ya ji labari ya zo ya leƙa ta kan zana.

"Adda, wannan gona ce ko gefen zane?"

Na ce masa gefen zane ne, kuma shi ke hana zane warwarewa. Sannan na haɗiye zuciyata na roƙe shi. Shi kaɗai ne a danginmu ciwon shanu ya bar wa bijimai biyu na huɗa. Na ce ranar da aka kwashe filin ya ara mini su da garma in fasa tsakiyar, ko wake ne in jefa. Ya ce in sha Allahu, za a duba.

Aka yi salla, aka sa ranar wasa, wannan karon baƙon ya zo. Dawata ta kai gwiwa. Da safe kafintan da mutanensa suka mayar da katako. Na tsaya ina kallo aka danne layin gaba duka, don hawan farko bai kai tsayinta ba. Ya ce mini, "Mama, ki yi haƙuri, wannan ba yadda zan yi." Na ce ya ɗaure na bayan da kyau.

Tun kafin a buɗe ƙofa na shiga ƙarƙashin bencin gabas da sanda, na tura 'yata na yamma. Na san marasa tikiti ta ƙarƙashin zana suke kutsowa su ɓuya a nan, awaki ma haka. Mutane suka fara hawa. Katako ya yi ta ƙara a kaina yana lanƙwasa, igiya na kuka, haske ya ragu sai ɗan abin da ke ratsowa ta tsakanin ƙafafu. Wannan wasa da har yau tsofaffin garinmu ke labarinsa, ina wurin daga farko har ƙarshe, amma ban ga ƙwallo ko sau ɗaya ba. Diddige na gani, da takalman roba, da bakin wando. Tukar rake na zubo mini a ka, wani ya tofar da goro ya same ni a wuya. Ina rarrafe daga wannan kai zuwa wancan, duk wanda ya kutso kai in nuna masa sanda.

Wani ƙato ya leƙo ta tsakanin ƙafafunsa ya gan ni. Ya taɓa na kusa da shi ya ce, "Kai, akwai tsohuwa a ƙarƙashinmu."

"Uwarka ce," na ce. "Ɗage ƙafarka, kana zubo mini ƙasa a kan shuka."

"Shuka kuma? Inna, wa kike goyon baya?"

"Wanda zai ci a tashi."

Suka yi ta dariya, labari ya bi layi. Wani ya miƙo mini rake ta kafar katako, ban karɓa ba.

Can kusa da tashi 'yan garinmu suka ci. Ban gani ba, ji na yi. Duk bencin ya tashi sama ya dawo. Igiya ta tsinke a can ƙarshen kudu, katako ya zame da mutane a kai, suka zubo cikin dawar suna dariya suna rungumar juna. Waɗanda ke waje suka tura zana ya faɗi, suka kwararo ta kan tudun zuwa fili. Na miƙe a kan gwiwa na buɗe hannu biyu a kan abin da zan iya karewa, ina cewa ku bi ta can, ku bi ta can, ba mai ji. Aka taka mini yatsu. Ban san lokacin da na fara kiran sunan maigidana ba, abin da ban taɓa yi a gaban mutane ba yana da rai.

Da wuri ya watse na zaga. Kudancin gabas ya tafi duka. Na yamma rumfar manya ta kare shi, don 'yan sanda sun hana a matsa kusa. Abin da ya karye na bar shi, abin da ya kwanta na tayar na tara masa ƙasa a gindi har magariba.

Kafintan ya cika maganarsa. Washegari kafin la'asar babu zana babu benci. Coci ta karɓi katakonta, Alhaji ya zubar da yashi ya ɗauki duronsa, kowace unguwa ta naɗe zananta. Ni aka bar ni da layi biyu na dawa da jan fili a tsakani. Na aika wa Baffa maganar shanu. Ya ce ɗaya na ɗingishi. Na sake aikawa, ya ce bakin garma zai karye a wannan ƙasa. Na ari diga muka shiga ni da 'yata, muna sara tana tsalle, hannuwanmu suka fashe. Ɗan abin da muka fasa muka jefa wake, ya fito ya yi ja ya tsaya. Ramukan da aka cire sandunan zana ma duk na bi na zuba musu iri, waɗannan sun yi. A cikin wannan daminar na kai yara biyu wurin 'yan'uwana a kan dutse, don ba ni da abin ba su. Ƙaramar cikinsu ta riƙe mini zane, sai da aka ɓamɓare hannunta.

Da kaka jauro ya zo da sandarsa, Baffa na biye da shi. Ya bi layin yamma a hankali yana taɓa zangarniya, ya tsallaka ya bi na gabas har inda ya ƙare. Ya tsaya a tsakiya ya caka sandar, ba ta shiga ba. Baffa ya fara magana, jauro ya ɗaga masa hannu.

"Na ce inda shukarta ke tsaye nata ne. Ga shi a tsaye." Ya nuna gabas, ya nuna yamma. Sannan ya dubi ƙasan ƙafarsa. "Nan kuwa ba komai."

Na ce, "Allah sabbinane, nan ɗin ma na sara."

"Na ga kin sara, 'yata."

Tsakiyar ta koma hannunsa, kafin wata damina ya ba Baffa, shi ne mai shanun da za su iya fasa ta. Bijimin ya warke, garma ma ba ta karye ba. Ya kwantar da shanun Fulani a kai rani biyu, ƙasar ta dawo.

Da layi biyun nan na riƙe gida. Shekara ta zagayo na je na ɗauko yarana. Har yau gonata haka take, doguwa biyu suna kallon juna da gonar wani a tsakani, baƙi in sun wuce sai sun tambayi wane irin rabo ne wannan. In zan tashi daga ta gabas zuwa ta yamma zagayawa nake yi ta bakin hanya. Ban taɓa ratsa tsakiyar ba tun ranar, ko da ruwa na dukana.

Jauro ya rasu, ɗansa ma da ya gaje shi ya rasu. Baffa ya riga ni, na je na yi wa matansa gaisuwa, 'ya'yansa ke noma tsakiyar kuma suna gaishe ni da ladabi. Alhaji mai duro tuni. Cikin waɗanda suka buga wasan akwai mai tsaron gida, yana nan a Nassarawo, ido ya tafi, in an zauna da shi sai ya ba da labarin ƙwallon da ya kama. Babbar 'yata tana Mayo Bani da jikokinta, tabon digar na nan a tafin hannunta. Kafintan ya koma garinsu kan dutse, an ce mini bara har ya sauko kasuwa da sanda yana tambaya ko tsohuwar ƙarƙashin benci tana da rai. Na ce a gaya masa ina nan, bana ma na shuka.